Rantsuwar Ɗakin Ƙwallo ta 1789 da Zanen David da Ba a Gama Ba: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya buɗe littafin tarihin juyin juya halin Faransa zai ci karo da hoton nan: dogon ɗaki cike maƙil da maza, hannuwa a miƙe, mutum ɗaya tsaye a kan tebur a tsakiya, iska tana kaɗa labule ta tagogin sama. Mutane da yawa suna ɗaukarsa kamar hoton kyamara. Tambayoyin da ke ƙasa sun raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa: abin da ya faru a ɗakin ranar 20 ga Yuni 1789, da abin da mai zane Jacques-Louis David ya zana bayan shekara biyu.

Mece ce wannan rantsuwa?

Ranar Asabar 20 ga Yuni 1789, wakilan jama'ar Faransa da ke taro a garin Versailles suka tarar an kulle zaurensu, sojoji na tsaye a ƙofa. Sai suka koma wani ɗakin wasan ƙwallo da ke kusa, suka rantse cewa ba za su watse ba har sai sun kafa wa ƙasar tsarin mulki. Mutum 576 suka amince, ɗaya ya ƙi. Ba mubaya'a ba ce irin wadda ake yi wa shugaba. Juna suka ɗaure da alkawari, ba tare da izinin Sarki Luwi na 16 ba, kuma wannan ne ya ba ta nauyinta.

Me ya tara su a Versailles tun farko?

Bashi. Baitulmalin Faransa ya ƙone, musamman bayan kuɗin da aka kashe wajen taimaka wa Amurka a yaƙinta da Ingila. A 1788 kusan rabin abin da gwamnati ke kashewa yana tafiya ne a biyan bashi da ruwansa. Ga ƙanƙara da ta lalata amfanin gona a watan Yulin wannan shekara, ga hunturu mai tsanani a bayanta. Burodi mai nauyin laba huɗu, wanda a da ake saya su 9 a Faris (su, wato sou, ƙaramin kuɗin Faransa ne na lokacin), ya kai su 14 da rabi a farkon 1789, alhali lebura yana samun tsakanin su 20 zuwa 30 a yini.

Masu sarauta suka ƙi yarda a ɗora musu sabon haraji, suka ce sai an kira babban taron rukunai uku na ƙasa, wanda rabon da a kira shi tun 1614. Rukuni na farko malaman coci ne, na biyu masu sarauta, na uku kuwa duk sauran jama'a, wato fiye da kashi 95 cikin ɗari na mutum kusan miliyan 28. Aka buɗe taron ranar 5 ga Mayu 1789 da wakilai kusan 1,200. Sarki ya yarda a ninka wakilan rukuni na uku su kai kusan 600, amma bai faɗi yadda za a kaɗa ƙuri'a ba. A nan gizo ke saƙa. In kowane rukuni ƙuri'a ɗaya gare shi, kullum biyu za su rinjayi ɗaya, ninkin ya zama aikin banza. In kuwa kai za a ƙirga, rukuni na uku da 'yan magoya bayansa daga cikin limamai sun isa su yi rinjaye.

Mako shida aka yi ana ja-in-ja a kan wannan. Daga 13 ga Yuni wasu limaman karkara suka fara sulalewa suna komawa wajen rukuni na uku. Ranar 17 ga Yuni, bisa shawarar Sieyès, malamin coci da ke cikin wakilan rukuni na uku, wakilan suka naɗa wa kansu suna Majalisar Ƙasa da ƙuri'a kimanin 490, masu ƙi kimanin 90, suka kuma ce harajin da ake karɓa zai ci gaba ne kawai muddin majalisar tana zaune. Ranar 19 malaman coci suka zaɓi su haɗu da su, da ƙaramin rinjaye. Washegari aka wayi gari ƙofa a kulle.

Da gangan aka kulle zauren don a kore su?

Dalilin da fada ta bayar shi ne ana gyaran zauren don zaman da sarki zai jagoranta da kansa. Gyaran gaskiya ne, ma'aikata na ciki. Amma shugaban majalisar, Jean-Sylvain Bailly, masanin taurari, bai sami sanarwa ba sai da safiyar ranar, sauran wakilai kuwa sai da suka iso ƙofa cikin ruwan sama. Sarki yana gidansa na Marly, kusa da Versailles, yana makokin babban ɗansa da ya rasu ranar 4 ga Yuni, 'yan fada masu tsaurin ra'ayi sun kewaye shi. Wanda ya ga sojoji a ƙofa kwana uku bayan ya ƙalubalanci fada ba zai ɗauka fenti ake shafawa ba. Sun yi zaton rusa su za a yi, kuma abin da sarki ya faɗa bayan kwana uku ya nuna zaton nasu bai yi nisa da gaskiya ba.

Wane irin ɗaki ne? Filin tanis ne?

Sunan da ya yaɗu ta hanyar Turanci, wato rantsuwar filin tanis, yana sa mutane su hango fili a sarari da raga a tsakiya. Faransawa suna ce wa wasan jeu de paume, wato wasan tafin hannu, domin da tafi aka fara buga ƙwallon kafin a koma amfani da majefi mai igiyoyi. Shi ne kakan tanis na yau, amma a rufaffen ɗaki ake yinsa, ƙwallo tana dukan bango tana dawowa. An gina na Versailles a 1686. Tsawonsa ya kusa mita 30, faɗinsa kimanin mita 10, bangonsa an shafe shi da baƙi don a riƙa ganin ƙwallo, tagogi can sama, a gefe akwai rumfar 'yan kallo mai gangaren rufi. Babu kujerun zama, babu mumbari. Likita Joseph-Ignace Guillotin, wanda daga baya aka laƙaba wa na'urar fille kai sunansa, shi ya ba da shawarar a je can, saboda yana kusa kuma zai ɗauki jama'a.

A lissafa: mutum kusan 600 a fili mai murabba'in mita 300, ga 'yan kallo. Kowa yana da kusan rabin murabba'in mita, a tsaye, da jiƙaƙƙen kaya.

Me rantsuwar ta ce, kuma me ya sa ake ganin girmanta?

A cikin ɗakin wasu suka ce a tattara a tafi Faris, inda jama'a za su kare su. Jean-Joseph Mounier, lauya daga Grenoble, ya ga haɗarin hakan, domin tafiya Faris daidai take da fito-na-fito da sarki, majalisa kuma ta faɗa hannun 'yan titi. Sai ya kawo shawarar rantsuwa. Bailly ya hau tebur ya karanta. Zuciyar maganar ita ce sun rantse ba za su taɓa rabuwa ba, za su taru a duk inda hali ya sa, har sai an kafa tsarin mulkin masarautar an kuma dasa shi a kan tushe mai ƙarfi.

Amma jimlar da ta fi kowace yanka tana cikin gabatarwar ƙudurin: duk inda wakilan suka taru, nan ne Majalisar Ƙasa. Kafin wannan rana sarki ne ke kiran taro, shi ke ba da zaure, shi ke sallama. Wanda ya riƙe makulli ya riƙe taron. Wannan jimla ta ƙwace makullin daga hannunsa ba tare da an taɓa ƙofar ba. A lura kuma, ƙudurin ya ambaci kare sahihan ƙa'idojin sarauta, kuma an yi ta kirarin fatan tsawon rai ga sarki a cikin ɗakin. A ranar babu mai maganar jamhuriya, har Robespierre, wanda daga baya ya zama jagoran masu tsattsauran ra'ayin jamhuriya. Abin da suke so shi ne sarki mai iyaka a rubuce.

Wane ne mutum ɗayan da ya ƙi?

Joseph Martin-Dauch, wakilin Castelnaudary a kudancin ƙasar. Da layi ya zo kansa sai ya rubuta sunansa ya ƙara kalmar da ke nufin mai adawa. Ɗaki ya ɗauki hayaniya. Bailly ya nemi a saurare shi, ya ce shi ba zai rantse ya zartar da abin da sarki bai amince da shi ba. Aka yi ta lallashi ya ƙi sauya magana, har aka fitar da shi ta ƙofar baya don kada jama'ar waje su far masa. Majalisa ta bar sa hannunsa yadda yake a takarda, don ya zama shaida cewa ba a tilasta wa kowa ba. A ganinmu wannan shawara tana cikin abubuwan da suka fi daraja a ranar, kuma David ya gane haka, shi ya sa bai cire shi daga zanen ba.

Yaya sarki ya mayar da martani?

Ranar 22 ga Yuni majalisa ta zauna a cocin Saint-Louis, malaman coci kusan 150 suka shigo suka haɗu da ita. Ranar 23 sarki ya yi zamansa. Ya yi tayin wasu gyare-gyare a kan haraji da 'yancin mutum, amma ya soke ƙudurorin 17 ga Yuni, ya umarci kowane rukuni ya koma zaurensa. Masu sarauta suka fita, rukuni na uku ya zauna daram. Da jami'in bukukuwan fada, Dreux-Brézé, ya zo ya tuna musu umarnin, Bailly ya ce al'ummar da ta taru ba a ba ta umarni, Mirabeau, fitaccen mai jawabin majalisar, kuma ya ce da nufin jama'a suke wurin, ba abin da zai fitar da su sai tsinin bindiga. Kalmomin Mirabeau sun zo da lafazi daban-daban a ruwayoyi, ma'anar dai ɗaya ce.

Ba a aiko da bindigar ba. Ranar 25 masu sarauta 47 suka shigo, ciki har da ɗan'uwan sarki na dangi, Duc d'Orléans. Ranar 27 sarki da kansa ya ce wa sauran su shiga. Sai dai a lokaci guda yana tara sojoji kewaye da Faris, ya kuma sallami ministan kuɗi Necker ranar 11 ga Yuli, abin da ya kai ga fasa kurkukun Bastille ranar 14.

Sun cika alkawarin?

Sun cika. Sun soke gatan rukunai a daren 4 ga Agusta 1789, sun fitar da sanarwar haƙƙin ɗan Adam ranar 26 ga watan, sun kammala tsarin mulki ranar 3 ga Satumba 1791, sarki ya karɓa a tsakiyar watan, majalisa ta watse ranar 30. Wata 27 ke nan daga ranar rantsuwa. Tsarin mulkin bai cika shekara ba, domin an kifar da sarauta ranar 10 ga Agusta 1792.

Su wa aka bari a waje?

Mata ba su da wakilci, a zanen ma a tagogi kawai ake ganinsu. Tsarin mulkin 1791 ya ba da ƙuri'a ga maza masu shekara 25 da ke biyan harajin da ya kai ladan aikin kwana uku, wato mutum kimanin miliyan huɗu da ɗoriya.

Akwai kuma maganar bayi, wadda littattafan makaranta kan tsallake. Wasu Turawa masu gonakin rake a Saint-Domingue, Haiti ta yau, sun zo Versailles suna neman kujeru ba tare da an gayyace su ba. Ranar 20 ga Yuni suka bi ayari zuwa ɗakin ƙwallo suka yi rantsuwa, cikin zumuɗin ranar aka karɓe su na wucin gadi. Yawan kujerun da suka nema sun lissafa shi ne da bayinsu 'yan Afirka, waɗanda suka kusa rabin miliyan. Mirabeau ya ce musu in bayin mutane ne to a 'yanta su su yi zaɓe, in kuwa dukiya ce, to Faransa ma sai ta ƙirga dawakanta da alfadaranta. Aka rage su zuwa kujera shida a farkon Yuli. A cikin zanen David akwai Fada Grégoire, limamin Katolika wanda ya shafe rayuwarsa yana yaƙi da bauta, akwai kuma Barnave, wanda ya kare muradun masu gonakin a majalisa, duka biyu a cikin rantsuwa ɗaya. Bayin Saint-Domingue sun yi tawaye a Agustan 1791, makonni kaɗan kafin a baje kolin zanen. An soke bauta a 1794, Napoleon ya maido da ita a 1802, ba a kawar da ita gaba ɗaya a ƙasashen Faransa ba sai 1848.

Wa ya ba David aikin, kuma nawa aka tsara biya?

David ba wakili ba ne a 1789. Shahararren mai zane ne, ɗan shekara 40, wanda zanensa na 'yan'uwa uku na tsohuwar Rum suna rantsuwa a kan takubba ya girgiza Faris a 1785. Wannan ya sa aka ga shi ya dace. Ranar 28 ga Oktoba 1790, ɗan majalisa Dubois-Crancé ya kawo shawarar a ƙungiyar Jacobin ta masu goyon bayan juyin juya hali, aka tsara karo-karo: mutum 3,000, kowa ya ba da liba 24 na kuɗin Faransa, jimla liba 72,000. David zai karɓi 36,000, a kashe 30,000 wajen sassaƙa hoton a farantin jan ƙarfe don buga kwafi, 6,000 kuma na firam. Duk wanda ya biya zai sami kwafi ɗaya. Liba ɗaya su 20 ce, ke nan liba 24 ta kai ladan lebura na kusan kwana ashirin. Abin da aka tara bai kai ko rubu'in abin da ake nema ba. Ranar 28 ga Satumba 1791, bisa shawarar ɗan majalisa Barère, majalisa ta ce baitulmali zai ɗauki nauyin aikin, a rataye shi a zauren majalisa. Kwana biyu bayan haka majalisar ta watse.

Yaya ake yin zane mai girman haka, kuma me ya sa mutanen da ke kan ƙyallen suke tsirara?

David ya bi matakan da aka horar da shi a kai. Ya fara da zuwa ɗakin ya zana bango da tagogi da rumfa a littafin aljihu, ya tattara ruwayoyin waɗanda suka halarta, ya cika shafuka da gwajin tsayuwa da miƙa hannu da runguma. Daga nan ya haɗa komai a cikakken zane a takarda, da alƙalami da tawada mai ruwan ƙasa, ya yi inuwa da tawadar da aka tsarma da ruwa, ya ɗiga fari inda haske ya sauka. Girmansa kimanin santimita 66 a tsaye da 101 a kwance. Shi aka nuna a babban baje kolin zane na Louvre a Satumba 1791, kuma shi ne asalin duk hoton da ake gani a yau.

Mataki na gaba shi ne mayar da shi kan ƙyalle mai kimanin mita 10 a kwance da fiye da mita 6 a tsaye. Ba ɗakin aikin da zai ɗauki wannan, sai aka ba shi tsohuwar cocin Feuillants kusa da zauren majalisa a Faris. Ana dinka ƙyallen lilin, a ɗaure shi a katako, a shafa masa farar ƙasa ta fenti ya bushe. Sannan a ja layuka a raba ƙaramin zanen gida-gida, a ja irinsu a babban ƙyalle da girman da ya ninka kusan sau goma, a kwashe abin da ke kowane gida zuwa takwaransa. Kuskuren santimita ɗaya a takarda yana zama tafin hannu guda a ƙyalle, don haka ake fara shatawa da alli, wanda ake iya gogewa, kafin a bi da siririn fentin mai.

Tsiraicin daga nan ya fito. Ƙa'idar makarantarsa ita ce a fara gina jiki, ƙashi da tsoka, daga mutumin da ya tsaya a gaban mai zane, sannan a sa masa tufa. In aka fara da riga, kafaɗa takan goce, hannu ya fi ɗan'uwansa tsawo, ƙafa ta kasa ɗaukar nauyin jiki, kuma a girman mutum na gaske ido yana kama wannan nan take. A kan wasu jikunan ana iya ganin layin kwat da aka fara ɗorawa. Ba a taɓa nufin a bar su haka ba.

Fuskoki su ne aiki mafi cin lokaci, domin kowace sai ta yi kama da mai ita. David ya nemi wakilai su zo su zauna masa ko su aiko da hotunansu, ya yi gwajin kawuna da fentin mai a ƙananan ƙyallaye. A babban ƙyallen kai huɗu kaɗai aka gama: Mirabeau, Barnave, Dubois-Crancé, da Michel Gérard, manomi daga Bretagne da ake kira Baba Gérard. Kallon abin yana da ban tsoro kaɗan: kai mai launi da gashi da ido mai rai, a ɗore a kan jikin da layi ne kawai a farin fili.

Ta ina zan fara kallon zanen?

Fara daga Bailly. Duk layukan bango da rufi suna gangarowa su haɗu a kusa da fuskarsa, hannunsa na dama a ɗage, takarda a hagu. A ƙasansa mutum uku sun rungumi juna: Dom Gerle cikin farar rigar zuhudu, Fada Grégoire a tsakiya, da Rabaut Saint-Étienne, faston Furotesta. Kusa da teburin Sieyès na zaune shiru, kamar mai kallon abin da tunaninsa ya haifa. Matsa dama za ka ga Robespierre ya dafe ƙirji da hannu biyu, kai a baya, sai Mirabeau da ƙaton jikinsa ya tako gaba, Barnave a kusa, Baba Gérard ya haɗa tafuka kamar mai addu'a. A can kusurwar dama ta ƙasa Martin-Dauch ne a kujera, ya harɗe hannuwa a ƙirji, kai a sunkuye, wani yana jansa, wani yana kare shi. A hagu Barère na zaune yana rubuta labarin ranar don jaridarsa, a ƙarshen gefen kuma an ɗauko wani tsoho marar lafiya don kada rantsuwa ta wuce shi. Sai ka ɗaga ido: rabin zanen na sama bango ne fayau, kuma wannan fili shi ke sa hayaniyar ƙasa ta yi ƙara.

Me David ya ƙara ko ya sauya?

Da yawa, kuma da sani. Dom Gerle ba ya ɗakin, bai zama wakili ba sai ƙarshen 1789. David ya sa shi ne don ya haɗa ɗan zuhudu da limamin Katolika da fasto a runguma ɗaya, a ƙasar da aka shafe fiye da shekara ɗari ana tsananta wa Furotesta. A tagar dama ta sama an sa ɗan jarida Marat yana rubutu, alhali jaridarsa ba ta fara fita ba sai Satumba 1789. An yi ruwa a ranar, amma guguwar da ta kumbura labule ta juya laimar wani ɗan kallo, da aradun da ke faɗa wa ɗakin ibadar fada ta tagar hagu, David ne ya ƙara su don su nuna abin da ke shirin faɗa wa tsohon tsari. Bailly kuma ya juya wa yawancin wakilai baya yana fuskantar mai kallo, abin da mai karanta rantsuwa ba zai yi ba. Dalili shi ne an nufi rataye zanen a zauren majalisa, ta yadda kowane sabon wakili zai ga Bailly yana karanta masa rantsuwar ido da ido.

To me ya hana a gama shi?

Kuɗi sun taka rawa, amma babban dalilin shi ne mutanen da ke ciki. Zanen yana cewa waɗannan duka abu ɗaya ne, alhali tun kafin tawada ta bushe sun rabu. Mounier, mai shawarar rantsuwar, ya bar majalisa bayan tarzomar Oktoba 1789, daga baya ya bar ƙasar. Dokar da ta tilasta wa limamai rantsuwar biyayya a ƙarshen 1790 ta tsaga cocin gida biyu, rungumar da ke tsakiyar zanen ta rasa ma'ana. A Yuni 1791 sarki ya gudu aka kamo shi a Varennes. Ranar 17 ga Yuli, Bailly, wanda ya zama magajin garin Faris, ya ayyana dokar ta-ɓaci, dakarun tsaro suka buɗe wuta a kan masu neman a tsige sarki a filin Champ-de-Mars. A wannan watan ƙungiyar Jacobin, mai karo-karon, ta dare biyu. Mirabeau ya mutu a Afrilu 1791 aka binne shi a matsayin gwarzo, sai a Nuwamba 1792 aka gano takardun da suka nuna yana karɓar kuɗin fada a ɓoye.

Daga nan sai na'urar fille kai. Bailly ranar 12 ga Nuwamba 1793, a filin Champ-de-Mars ɗin nan. Barnave ranar 29 ga watan. Rabaut Saint-Étienne ranar 5 ga Disamba. Robespierre ranar 28 ga Yuli 1794. David kansa ya zama ɗan majalisa a 1792, ya kaɗa ƙuri'ar kashe sarki, ya tsaya tare da Robespierre, aka ɗaure shi bayan faɗuwarsa. Mai zanen da ke zaune a gefen waɗanda suka yanke wa Bailly hukunci ba zai iya ɗora shi a kan tebur a matsayin uban ƙasa ba, kuma in ya cire shi babu zane. Tun 1792 aikin ya tsaya, ya haƙura da shi gaba ɗaya a 1801. Girman ƙyallen bai fi ƙarfinsa ba, domin daga 1805 zuwa 1807 ya gama zanen naɗin Napoleon mai kusan girma ɗaya. Ya mutu yana gudun hijira a Brussels a 1825. Bayan mutuwarsa aka yanka ƙyallen, babban yankin da ya rage, kimanin mita 4 da mita 6 da rabi, yana fadar Versailles.

In ba a gama ba, hoton mai launi da nake gani a intanet fa?

Abu huɗu ne ke yawo da suna ɗaya. Mai ruwan ƙasa, cike da mutane har kusurwa, shi ne zanen takarda na 1791. Mai fararen jikuna da kai huɗu masu launi shi ne ragowar babban ƙyalle. Mai cikakken launi ƙaramin kwafi ne na fentin mai, faɗinsa bai kai mita ɗaya ba, yana gidan tarihin Carnavalet a Faris, an yi shi ne bisa tsarin David. Na huɗu shi ne babba mai launin toka da Luc-Olivier Merson ya yi a 1883 a bangon ɗakin ƙwallon. Akwai kuma wani zanen daban na Auguste Couder na 1848, wanda tsarinsa ba na David ba ne. Mai sa hoto a aikin makaranta ya duba wanne ya ɗauko kafin ya rubuta suna da shekara a ƙasa.

Akwai abin da ya haɗa wannan da ƙasashenmu?

Akwai, ta ɓangaren ƙasashen da Faransa ta yi wa mulkin mallaka. A Fabrairu 1990 taron ƙasa na Benin, wanda gwamnatin Shugaba Kérékou ta kira, ya ayyana cewa shi ke da wuƙa da nama, masana da dama kuma suka kwatanta shi da abin da ya faru a Versailles. Nijar ta yi nata daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991, ƙarƙashin jagorancin André Salifou, shi ma ya ɗora kansa sama da gwamnatin Ali Saibou, kuma a zauren wasanni na Yamai aka yi shi, wanda yanzu ake kira da sunan ranar 29 ga Yuli. Dalilan kowace ƙasa nata ne, amma matakin iri ɗaya ne: taron da mai mulki ya kira ya ce daga yau ba mai sallamarsa.

Ɗakin yana nan har yanzu?

Yana nan, a unguwar Saint-Louis, tafiyar kimanin minti goma a ƙafa daga fadar Versailles, a titin da ke ɗauke da sunan wasan. Tun cikar shekara ɗaya da rantsuwar, a 1790, aka kafa allon ƙarfe mai ɗauke da kalmominta a bango. An mayar da ɗakin mallakar ƙasa a 1793, aka buɗe shi a matsayin gidan tarihi ranar 20 ga Yuni 1883. A ciki akwai mutum-mutumin Bailly da hannu a ɗage, da kawunan wakilai ashirin da aka sassaƙa, da sunayen waɗanda suka sa hannu a jere a jikin bango, zanen Merson kuma ya cika bangon ƙarshe. Zanen takarda na 1791 ba kullum ake fitar da shi ba, domin haske yana cin tawada, ɗakin ma ba kowace rana ake buɗe shi ba, don haka mai niyyar zuwa ya duba jadawalin fadar kafin ya hau jirgin ƙasa daga Faris.